Mace Ɗaya da Maza da Yawa Cikin Labarun Hausa

Kamba gari ne na bakin iyaka. Shi ne babban garin ƙaramar hukumar Dandi cikin Jihar Kebbi, a ƙasar Argungu. Wanda ya fita daga cikinsa ya nufi yamma ba ya daɗewa sai ya taka ƙasar Nijar, ya isa Gaya, in kuwa ya haye gadar Kwara ga shi a Malanbil, cikin Jamhuriyar Benin. Kudu da shi ƙasar Bagudo ce, su Illo da Lolo da Ka'oje da Tsamiya, inda Nijeriya ta haɗa iyaka da Benin. Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa duk kasuwa ɗaya suke ci. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a buɗe ƙofar Kamba ba sai a watan Afrilu na 2022. Cikin waɗannan shekaru an tsare shinkafa, an tsare mai, amma akwai hajar da ba ta ko san an rufe ba, watau labarun da ke yawo cikin wayar hannu. Ɗaliba a Kamba tana iya karanta abin da aka rubuta jiya a Kano, da wanda aka rubuta shekaranjiya a Amurka, ba wani ɗan kwastan da zai ce mata ta buɗe jaka.

Dalilin wannan takarda ke nan. Cikin labarun soyayya da ake rubutawa da Turanci a wannan zamani akwai wani iri da ya yi kasuwa ƙwarai. Ana gina shi a kan mace ɗaya da maza uku, ko huɗu, ko fiye, dukansu masoyanta ne a lokaci guda, kowa ya san da kowa, marubuciyar kuwa ba ta sakaya abin da ke gudana tsakaninsu. Malamai da yawa, sa'ad da suka ji labarinsa, sukan ce ai wannan ma ya riga ya shigo cikin littattafan Hausa. A ganina rabin maganar ne gaskiya. Abin da ya shigo shi ne rashin sakayawa. Ginin labarin kansa bai shigo ba, kuma abubuwan da suka tare shi sun girmi kowace hukumar tace littattafai. Su nake so in bayyana, gama wanda zai koyar da adabi ya kamata ya iya rarrabe abubuwa biyu da suka yi kama.

Inda abin ya fito

Tushensa na kusa a Japan yake, cikin littattafan zane da wasannin kwamfuta da ake yi domin 'yan mata. A 1992 Yuu Watase ta soma fitar da Fushigi Yugi, labarin wata 'yar makaranta da ta faɗa cikin wani tsohon littafi, ta sami kanta tsakanin mayaƙa bakwai masu tsaronta. A 1994 kamfanin Koei ya fito da wasan Angelique, inda mai wasa take zama budurwa, ga samari tara a gabanta. Sunan da aka sa wa irin wannan labari ma'anarsa ita ce gidan sarki a juye: maimakon sarki ɗaya da ƙwaraƙwarai, sai mace ɗaya da samari kewaye da ita. Amma fa a lura, cikin yawancin na Japan yarinyar takan zaɓi ɗaya daga ƙarshe.

Da abin ya isa Amurka da Ingila sai ya sake kama. A 2007 kamfanin Amazon ya fito da allon karatu na Kindle, ya kuma buɗe hanyar da marubuci zai kai littafinsa kasuwa da kansa, ba sai wani kamfanin ɗab'i ya yarda ba. Mai karatu ita ma ta huta, don ba wanda ke ganin bangon abin da take karantawa. A 2011 Fifty Shades of Grey na E. L. James ya nuna wa 'yan kasuwa yawan matan da ke sayen labarin da bai sakaya ba. Daga tsakiyar shekarun 2010 sai irin da muke magana a kansa ya yawaita, yana da ƙa'ida guda wadda ba a karya ta: mace ba za ta zaɓa ba. Da su duka za ta ƙare, cikin gida ɗaya, a kan yarda. Masu sayar da shi ma kirarin da suke masa tambaya ce, wai don me za a zaɓa. Mai karatu ya riƙe wannan ƙa'ida, domin ita ce ma'aunin da za mu auna labarun Hausa da shi.

Abin da harshe da shari'a suka nuna

Kafin a duba littafi, a duba harshe. Hausa ta wadata da kalmomin matan da suka haɗa miji. Akwai kishiya, akwai uwargida da amarya, akwai mowa da bora. Har matan wa da ƙane an ba su suna, faccaloli. Kowace kalma cikin waɗannan labari ce sukutum, da an ambace ta mai sauraro ya san inda za a dosa. To, a juya abin, a nemi sunan mazan da suka haɗa mace ɗaya da aure. Ba a samu. Kafin aure akwai manema, akwai samari, in bazawara ce akwai zawarawa, kuma ba abin kunya ba ne yarinya ta tara su. Har ma akan ce tana da farin jini, in ba mai zuwa wurinta zance kuwa a ce tana da baƙin jini, uwa ta shiga neman magani. Amma da an ɗaura aure, namiji na biyu suna ɗaya gare shi, kwarto, aikinsa kuwa kwartanci. Wadda ta zauna ba miji tana karɓar maza ita ce karuwa, ko a sakaya a ce mai zaman kanta, ko 'yar bariki. Watau harshen ya san maza da yawa a ƙofar gida, ya san su a jere ɗaya bayan ɗaya, amma bai san su cikin ɗaki a halal ba.

Dalilin bai ɓuya ba. Cikin Sahihul Buhari akwai hadisin Nana A'isha wanda ya lissafa irin aure huɗu da Larabawa ke yi zamanin jahiliyya. Ɗaya daga ciki shi ne mutane ƙasa da goma su tara da mace ɗaya, in ta haihu ta aika a kira su, ta nuna wanda ta ga dama ta ce shi ne uban, ba shi da ikon musu. Musulunci ya rushe wannan da 'yan'uwansa, ya bar irin auren da aka sani yau. Abin da ake tsarewa nasaba ce, a san ɗan wane ne wannan, a san wa zai gada, a san wa ya haramta gare shi. Don haka aka sa idda: tsarki uku ga wadda aka saka, wata huɗu da kwana goma ga mai takaba, mai ciki kuwa sai ta haihu. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san wannan, matar da ba ta karanta ba ma ta sani, gama a jikinta ake ƙirga kwanakin. Idda katanga ce tsakanin miji da miji, kuma marubucin Hausa bai taɓa rushe ta ba, sai dai ya zaga ta.

Ba kuwa don Hausawa ba su taɓa ganin wata al'ada ba. Maƙwabtansu na kudancin Zazzau da tsaunukan Jos sun yi abin da Hausawa suka kira auren zaga. M. G. Smith ya bayyana shi cikin wata maƙala ta 1953 game da Kadara da Kagoro, Walter Sangree kuma ya yi bincike a kansa wurin Irigwe na Miyango a shekarun 1960. Can mace tana iya ƙulla aure na biyu, har na uku, ba tare da na fari ya mutu ba, ta zauna nan, ta tashi ta koma can. An hana shi a ƙasar Irigwe a 1968. Abin lura shi ne, ko a can ɗin ba ta tara mazan cikin gida ɗaya. Wurin ɗaya take zaune a kowane lokaci. Ashe abin da littattafan Amurka ke sifantawa ba al'adar wata ƙabila tamu ba ce da aka tono. Mafarki ne na marubuta, kuma a matsayin mafarki ya kamata a nazarce shi.

Hanyar da Bahaushiya take bi ta san maza fiye da ɗaya a rayuwarta, ba tare da ta zubar da mutunci ba, ita ce aure bayan aure. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta daga bakinta a 1949 da 1950, aka buga shi da Turanci a 1954, aure huɗu ta yi, kuma dattijuwa ce mai daraja a garinsu. Ta yi maganar tsarance, ta yi maganar kwartanci da yadda tsofaffin mata ke kai saƙo tsakanin matan kulle da masu nemansu, ba ta ɓoye kome ba. Wanda ya karanta littafin nan ba zai ƙara cewa wayar hannu ce ta koya wa mutane sha'awa ba.

Tatsuniya da labarin baka

Tatsuniyoyinmu sun san yarinya mai manema da yawa sarai. An tara da dama cikin Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, littafi uku da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, wanda aka samo mai yawa daga cikinsa a lardin Sakkwato ta hannun Razdan Burdon. Ƙasar Kabi kuwa a lokacin cikin wannan lardi take. Yarinyar takan fito ta fuska biyu.

Ta fari ita ce mai ruwan ido. Samarin gari sun yi ta zuwa tana korarsu, ta ce ita ba ta auren mai tabo. Sai dodo ko maciji ya rikiɗa ya zo da jiki sumul, ta bi shi, a daji ya koma kamanninsa, da ƙyar ta tsira. Nan yawan manema jarrabawa ce, laifinta kuwa shi ne ta ƙi zaɓa cikin waɗanda aka san asalinsu.

Ta biyu ta fi ban sha'awa, ita ce tatsuniyar da ke ƙarewa da tambaya. Samari uku suna son yarinya ɗaya, suka tafi fatauci. Ɗaya ya sayo madubi mai nuna abin da ke nesa, ɗaya ya sayo buzu mai tashi sama, ɗaya ya sayo magani. Mai madubi ya duba ya ga yarinya tana bakin mutuwa, mai buzu ya ɗauke su suka iso nan take, mai magani ya ba ta ta tashi. To, wa za a ba? An san irin wannan labari ko'ina a Afirka ta Yamma, William Bascom ya tara ire-irensa cikin wani littafi a 1975, akwai kuma ɗan'uwansa cikin Dare Dubu da Ɗaya. Mai ba da tatsuniya ya daidaita samarin da gangan, har ba wanda ya fi wani, sa'an nan ya bar yara su yi ta gardama. Wannan ita ce gaɓar da tatsuniya ta fi kusantar littafin Amurka, gama nan ma kowane namiji yana da abin da ɗan'uwansa ba shi da shi. Amma duk daɗin tatsuniyar yana cikin cewa dole a ba ɗaya. In wani yaro ya ce a ba su duka, dariya za a yi, don ya ɓata wasan, kamar wanda aka yi wa kacici-kacici ya ce amsa ita ce kome da kome. Idan aka juya kuwa, aka ɗauki Daskin-da-Riɗi, inda 'yan mata ne ke takarar saurayi ɗaya, nan ma ɗaya ce ke samu; sai dai mai sauraro ya san cewa a rayuwa saurayin yana da sauran gurbi uku, yarinyar can kuwa ba ta da ko ɗaya.

Mace guda ce cikin labarun baka aka ba ta maza ba adadi ba tare da an kira ta da mugun suna ba, ita ce Amina ta Zazzau. Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, ya faɗi yaƙe-yaƙenta har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta cikin Infaƙul Maisuri. Labarin baka ne ya ƙara da cewa ta ƙi aure, kuma duk garin da ta ci takan ɗauki saurayi ta kwana da shi, da safe a kashe shi don kada ya ba da labari. Ko wannan ya faru ko bai faru ba, ba shi ne abin dubawarmu ba. Abin dubawa shi ne yadda masu ba da labarin suka warware matsalar: sun yarda mata da maza da yawa, amma ba su bar biyu da rai a lokaci guda ba. Takobi ya tsaya a matsayin idda.

Sai kuma Dare Dubu da Ɗaya, wanda aka buga fassararsa ta Hausa a 1924. Ginshiƙin littafin kansa cin amanar matan sarakuna biyu ne, da matar nan da aljani ya kulle cikin akwati, wadda duk da haka ta tara zobban mazan da ta yaudare shi da su. Wannan layi ne dabam, na makircin mata, inda yawan maza hujja ce a kan mace, ba daɗi gare ta ba. Ya daɗe cikin hirar zaure, kuma har yanzu yana da magada.

Littattafan boko

Cikin littattafan da suka biyo bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933, Jiki Magayi na John Tafida da East shi ne ya ɗauki mace ɗaya tsakanin maza biyu. Zainabu da Abubakar suna son juna, Malam Shehu mai dukiya ya shiga tsakani ya aure ta, Abubakar ya bazama neman abin da zai rama da shi, sharrin ya faɗa kan ɗan da aka haifa, Kyauta, har ya zama sanadin mutuwar ubansa. Zainabu kusan ba ta da ta cewa. Labarin na mazan ne, ita ce abin da ake jayayya a kai.

Sai da mata suka kama alƙalami abin ya juya. Hafsatu Abdulwahid ta fito da So Aljannar Duniya a 1980, Talatu Wada Ahmed ta biyo da Rabin Raina, daga nan kasuwa ta buɗe a Kano, har Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa abin suna Adabin Kasuwar Kano, shi da Abdalla Uba Adamu da wasu suka yi ta muhawara a jaridu cikin shekarun 1990. Finafinan Indiya, waɗanda aka daɗe ana nunawa a silimun Arewa, sun ba da tasu gudummawa, kamar yadda Brian Larkin ya nuna a 1997. Sangam na Raj Kapoor, na 1964, mace ɗaya ce tsakanin aminai biyu, kuma ba a sami mafita ba sai da ɗayansu ya kashe kansa. Cikin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, na 1991, Sumayya tana son Muhammad talaka, ana so a ba ta Abdulƙadir mai kuɗi, ta gwammace ta faɗa rijiya. A nan namiji na biyu ba ƙari ba ne, bala'i ne. Cikin Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, an cire Abu daga makaranta, wanda take sa rai ya guje ta don ba ta yi boko ba, aka aurar da ita dole ga tsoho, Sarkin Noma. Ta gudu birni, ta yi karatu, sa'an nan maza suka dawo suna layi. Ga maza da yawa a rayuwar mace ɗaya, amma a jere, kuma nasararta ita ce a ƙarshe ita ke zaɓe.

Wannan, a ganina, shi ne zuciyar al'amarin. Marubuciyar Amurka tana rubuta wa matan da zaɓen miji ya daɗe a hannunsu, har ya zama musu kaya, saboda haka mafarkinsu shi ne a sauke musu shi. Marubuciyar Kano ta soma rubutu ne a lokacin da auren dole yake abin kuka a gidaje da yawa, saboda haka mafarkin masu karatunta shi ne a ba su zaɓen. Wanda ke neman a ba shi abu ba ya mafarkin yar da shi. Shi ya sa littafin soyayya na Hausa yake tara wa yarinya manema, ɗan sarki da likita da soja da ɗan'uwa na gida, ya ja rai har littafi na uku ko na huɗu, domin yawansu shi ke nuna darajarta, zaɓenta kuma shi ke nuna 'yancinta.

Akwai wata ƙofa da marubuta suka samu cikin shari'a kanta, wadda ta fi kowace kusa da abin da muke nema, ita ce auren kisan wuta. Miji ya yi saki uku cikin fushi, ya dawo yana nadama, ba halin kome sai ta auri wani. Sai a nemo wanda zai aure ta da sharaɗin ya sake ta. Malaman Malikiyya sun ce irin wannan aure ɓatacce ne, amma ga mai ƙaga labari taska ce: ga tsohon miji yana jira a waje yana ƙirga kwanaki, ga sabo a ciki ya ƙi saki, ita kuwa zuciyarta ta rabu biyu, kuma ba wanda zai kira ta da sunan banza. Maza biyu suna da hakki a kanta a ganinsu, mai karatu yana jin zafin duka biyun. Duk da haka igiya a hannun ɗaya take.

Zamanin waya

An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, bayan jihohin Arewa, har da Kebbi, sun ɗauki shari'a a 2000. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta ƙone littattafan soyayya a bainar jama'a, a 2008 kuma aka yi ta ja-in-ja da marubuta a kan yi musu rajista. Duk wannan a kan takarda aka yi shi, takarda kuwa tana da maɗaba'a da shago da mai shago da za a iya kamawa. Da wayar zamani ta yaɗu, rubutu ya koma Facebook da Wattpad da zaurukan WhatsApp. Marubuciya takan ɓoye sunanta, ta saki shafukan farko kyauta, in labari ya kai inda ake so ta ce sai an biya, ta banki ko da katin waya. Wasu sukan rubuta a sama cewa na matan aure ne kaɗai, gargaɗin da ba mai tsaronsa. Wasu kuma ana karanta su da murya a YouTube, ta haka suke isa kunnen wadda ba ta iya karatun Hausar boko ba, irin matan Gaya da Malanbil da suka yi makarantar Faransanci ko ba su yi ba sam.

Cikin waɗannan lalle akwai batsa tsirara, wadda ba a taɓa buga irinta a takarda a Kano ba. Ba na musun wannan, ba na kuma ganin laifin uban da ya damu. Amma in aka karanta su da idon nazari, sai a ga tsohon gini yana nan daram. Yawancin abin da ake bayyanawa tsakanin miji da mata ne, sau da yawa ma auren da aka soma da ƙiyayya, ko gasar kishiyoyi wajen mallakar miji, da su kayan mata da gyaran jiki, wani lokaci har da tallar mai sayarwa a tsakiyar babi. Inda aka sami mace mai maza da yawa a lokaci guda, cikin waɗanda suka zo hannuna, 'yar bariki ce ko matar aure mai cin amana. Mazan ba su san da juna ba, ko kuwa sun sani suna farautar juna. Ƙarshenta kuwa ɗayan biyu ne, ko tuba da aure, ko cuta da tonon asiri. Marubuciyar takan yi shafi ɗari tana sayar da zunubin, ta yi shafi biyar tana hukunta shi. Ana iya kiran wannan munafunci, ni ma wani lokaci haka nake gani. Sai dai ga mai nazari shaida ce: ko wadda ta ɓoye sunanta, ba hukumar da ta san inda take, ba ta iya rufe labari da mace tana zaune lafiya da maza uku ba, domin masu biyanta kuɗi ba za su karɓa ba. Wannan jikanyar matar akwati ce ta Dare Dubu da Ɗaya, ba 'yar'uwar ta Amurka ba.

Saboda haka malamin da ya kama irin wannan a wayar ɗaliba, ya fara sanin wanne ne a hannunsa. In na Turanci ne, baƙo ne, kuma tambayar da ta dace ita ce me ya sa labarin ya kauce wa maganar ɗa da gado da dangi, ko ya share ta da jimla ɗaya. In na Hausa ne, ɗan gida ne da ya tuɓe riga, kuma ana iya ɗora shi kusa da Jiki Magayi da tatsuniyar mai ƙin tabo a ga abin da ya gada. Haɗa su duka a kira su batsa ba ya koya wa ɗalibi kome, ba ya kuma hana shi karantawa.

Akwai aiki biyu da ke jiran masu bincike, na biyun ya fi gaggawa. Littattafan takarda sun sami masu tara su: Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun buga jerin sunayensu a 2004, wanda ya ɗauko daga 1987 zuwa 2002. Na waya kuwa, ranar da aka rushe zaure ko waya ta faɗa ruwa, shi ke nan sun tafi, ya kamata sassan Hausa na jami'o'i su soma ajiye su, kome ƙyamar da ake musu. Na biyu shi ne tatsuniyar samari uku. Tsofaffin da suka iya ta suna ƙarewa. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, waɗanda ake turawa koyon aikin malanta a garuruwan Dandi da Bagudo, suna iya ɗaukar ta daga bakin tsofaffi da Hausa da Dandanci da Zabarmanci. Kada su tsaya ga tatsuniyar kaɗai. Su rubuta gardamar da ke biyo baya, wa maza suka ba yarinyar, wa mata suka ba, da hujjar kowa, su kuma lura ko akwai wanda ya ce a tambayi ita yarinyar.